Reshe Ya Juye da Mujiya: Halin Rainsford da Zamanin da Ya Haife Shi

Gabatarwa

A ranar 19 ga Janairu, 1924, mujallar Collier's ta ƙasar Amurka ta buga wani gajeren labari na Richard Connell mai suna The Most Dangerous Game. Kalmar ƙarshe ta sunan tana da harshen damo a Turanci, domin tana nufin wasa, tana kuma nufin dabbar da ake farauta. Labarin ya ci kyautar O. Henry, an mayar da shi fim a 1932, kuma har yau ana karantar da shi a makarantun Amurka. Tauraronsa, Sanger Rainsford, shahararren maharbi ne wanda ya faɗa teku daga jirgin ruwa, ya yi iyo zuwa wani tsibiri a yankin Karibiyan, ya faɗa hannun Janar Zaroff, mutumin da farautar dabbobi ta gundure shi har ya koma farautar mutane.

Yawancin masu karatu sukan ɗauki labarin a matsayin wa'azi: maharbi ya ɗanɗani abin da dabba take ji, ya tuba. A wannan maƙala ina so in nuna cewa idan aka auna halin Rainsford da tarihin shekarun da aka rubuta labarin, abin da ya fito ya fi haka tayar da hankali. Rainsford ya koyi tsoro, wannan babu shakka. Ko tsoron ya koya masa tausayi, wannan kuma marubucin bai ba mu dalilin yarda da shi ba.

Maharbin da zamani ya ɗaukaka

Mun fara haɗuwa da Rainsford da dare a kan jirgi, yana hira da abokinsa Whitney, suna kan hanyar zuwa farautar damisar Kudancin Amurka a dazukan Amazon. Whitney ya kawo zancen cewa wataƙila dabbar da ake bi tana jin tsoron azaba da na mutuwa. Rainsford ya yi watsi da maganar. A ganinsa halitta kashi biyu ce, masu farauta da waɗanda ake farauta, kuma shi da abokinsa sun yi sa'ar kasancewa cikin kashin farko.

Mai karatu na yau zai ji wannan a matsayin rashin imani. Mai karatu na 1924 kuwa ya saba da jin sa daga bakin manya. A 1909 Theodore Roosevelt, yana sauka daga shugabancin Amurka, ya nufi Gabashin Afirka. Ya sauka a Mombasa, ya ƙare tafiyar a Khartum a 1910, kuma bisa lissafin da ya buga da kansa, shi da ɗansa Kermit sun harbe dabbobi 512. Jama'ar ƙasarsa sun karɓi wannan a matsayin jarumta da hidima ga ilimi. A 1914 ya sake shiga dazukan Barazil, inda zazzaɓi da ciwon ƙafa suka kusa kashe shi. Irin wannan mutum ne madubin Rainsford: mai yawon duniya, mai sanyin jini a gaban haɗari, mai rubuta littafi a kan abin da ya harba. Shi ma Rainsford marubuci ne, domin ta littafinsa a kan farautar damisar ƙanƙara a Tibet Zaroff ya san shi.

Ƙarƙashin wannan jarumta akwai wata aƙida. Tun 1864 Herbert Spencer ya fito da ra'ayin cewa mafi dacewa da yanayi shi yake wanzuwa, kuma cikin shekarun da suka biyo baya masu mulki suka ɗauke ra'ayin daga kan dabbobi suka ɗora shi kan al'ummomi, suka halatta wa kansu mamaye ƙasashen waɗanda suke kira raunana. Rabon da Rainsford ya yi wa halitta gida biyu ɗan wannan aƙida ne. Bai ƙirƙire ta ba, ya sha ta ne tun a nono, shi ya sa yake faɗin ta cikin raha ba tare da jin nauyinta ba.

Zaroff a matsayin madubi

Ba za a fahimci Rainsford ba sai an tsayar da shi kusa da mai masaukinsa. Zaroff Bakosake ne ɗan masu mulki, mahaifinsa yana da filaye masu faɗi a Kirimiya, shi kuma ya jagoranci dakarun dawaki na sarkin Rasha kafin juyin juya halin 1917 ya kore shi. Wannan ma tarihi ne da ke gaban idon masu karatu, domin a Nuwamba 1920 ragowar sojojin da suka yaƙi 'yan gurguzu suka fice daga Kirimiya ta teku, kuma 'ya'yan manyan gidajen Rasha da yawa suka ƙare da tuƙin tasi a Paris. Zaroff ya tsira daga wannan ƙasƙanci saboda ya zuba dukiyarsa a hannayen jarin Amurka. Mutum ne da ya rasa ƙasa da talakawan da zai mulka, sai ya sayi tsibiri ya mayar da shi masarauta. Yakan kunna fitilun ƙarya da ke nuna wa jiragen ruwa hanya a inda babu sai duwatsu, ya tattara matuƙan da suka tsira, ya ajiye su a ɗakin ƙarƙashin ƙasa har lokacin farautarsu ya yi.

Abin lura a hirar da suka yi a kan teburin cin abinci shi ne, Zaroff bai zo da wata sabuwar hujja ba. Hujjar Rainsford ta kan jirgi ya ɗauka, ya ƙara mata taki ɗaya. Idan mai ƙarfi yana da haƙƙi a kan mai rauni, kuma abin da wanda ake bi yake ji ba abin damuwa ba ne, me zai hana matuƙin jirgi ya zama nama? Rainsford ya ƙi, ya kira abin da sunansa, wato kisan kai. A nan ne muka ga kyakkyawan ɓangaren halinsa: baƙo ne, ba shi da makami, yana cikin gidan mai kisa, amma bai lanƙwasa harshe ba. Sai dai ƙin nasa ba shi da tushe a cikin tunaninsa. Yana da iyaka da ba ya son ƙetarewa, amma ba shi da bayanin dalilin da ya sa iyakar take a inda take.

Zaroff ya gane wannan rauni, shi ya sa ya tuna masa da yaƙi. Rainsford tsohon soja ne da ya yi yaƙi a Faransa, kamar yadda Connell da kansa ya yi aikin soja a can. Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, ya ci sojoji kimanin miliyan 9, kuma a cikinsa ne aka ga fasahar farauta ta koma kan ɗan Adam a fili. Hesketh-Prichard, wani fitaccen maharbin manyan dabbobi ɗan Ingila, shi ya kafa makarantar koyar da harbin ɓoye ga sojojin Birtaniya a Faransa a 1916. Ɓuya, saɓo, haƙurin jira, harbi ɗaya tak: duk abin da ake yi wa barewa aka yi wa saurayin da ke ramin da ke fuskantar naka. Saboda haka lokacin da Zaroff ya yi mamakin yadda wanda ya ga wannan yaƙi zai ci gaba da ɗaukar ran mutum da tsada, tambaya ce da dubban tsofaffin sojojin da ke karanta mujallar suke ɗauke da ita a zuci. Amsar Rainsford ita ce yaƙi dabam, kisan gilla dabam. A kan wannan rarrabewa ya jingina mutuncinsa, kuma ita ce sauran labarin zai gwada.

Kwana uku a daji

An ba shi wuƙa da abinci da kayan farauta, aka ce in ya tsira kwana uku ya ci wasa. A ranar farko ya yi abin da dabba take yi. Ya rikita sawunsa kamar yanyawa, ya hau bishiya ya lafe. Zaroff ya bi sawun cikin duhu har gindin bishiyar, ya tsaya ya busa taba, ya yi murmushi, ya juya. A nan Rainsford ya gane cewa an gan shi, an bar shi ne don wasan gobe, kamar yadda kyanwa take yi wa ɓera. A ganina wannan shi ne wuri mafi nauyi a labarin, domin tsoron da ya musanta wa damisa ya shiga ƙashinsa. Jiki magayi.

To amma me ya yi da wannan sabon sani? Ya daina gudu ya fara ɗana tarko. Na farko, wani mataccen itace da ya jingina a kan mai rai, dabara ce ta mutanen Malaya, kuma ta ji wa Zaroff rauni a kafaɗa. Na biyu rami ne mai tsinannun itatuwa a ƙasa, irin wanda ake kama damisa da shi a Bama, ya haƙa shi da saurin da ya koya a ramukan Faransa, ya kashe ɗaya daga cikin karnukan Janar mafi kyau. Na uku ya koya a Yuganda: ya ɗaure wuƙarsa a ƙaramin itace mai danƙo, ya lanƙwaso shi, itacen ya ƙwace ya kashe Ivan, ƙaton baran Zaroff, kurma bebe, wanda a da shi ne mai bulala na gwamnatin sarkin Rasha.

Abubuwa biyu nake gani a wannan jeri. Na ɗaya, ƙasashen nan uku duk suna ƙarƙashin mulkin Birtaniya a 1924. Ran Rainsford ya tsira ne da hikimar mutanen da aƙidarsa ta sanya cikin raunana, kuma labarin bai ambaci sunan ko ɗaya daga cikin waɗanda suka koya masa ba. Na biyu, ɓarnar tarkunan hawa take yi: rauni, sannan ran dabba, sannan ran mutum. Kowane tarko yana matso da shi kusa da iyakar da ya shata a kan tebur. Wanda ake farauta bai daina zama maharbi ba ko na yini ɗaya, kuma Zaroff yana yaba masa a kowane mataki kamar malami da ɗalibin da ya fara gane karatu.

Daren ƙarshe

Da karnuka suka matsa shi bakin dutse, Rainsford ya yi tsalle cikin teku. Zaroff ya ɗauka ya mutu, ya koma gida ya ci abinci, ya karanta Marcus Aurelius, ya shiga ɗakin barci, sai ya tarar da shi a bayan labulen gado. Janar ya taya shi murna, ya ce ya ci wasa. Rainsford bai karɓa ba. Ya bayyana kansa a matsayin dabbar da aka ƙure wadda har yanzu ba ta huce ba, ya nemi faɗa. Zaroff ya yarda da sharaɗin cewa wanda ya faɗi abincin karnuka ne, wanda ya tsira shi ke da gado. Marubucin bai nuna mana faɗan ba. Ya rufe labarin da Rainsford yana jin daɗin gadon.

Akwai hujja mai ƙarfi ta kare shi, kuma adalci ne a kawo ta. Zaroff ya yi alkawarin sakin sa ne bisa sharaɗin ya yi shiru game da tsibirin, Rainsford kuma ya ƙi sharaɗin tun farko, don haka ba shi da tabbacin zai fita da rai. Ƙari a kan haka, barin Zaroff a raye hukuncin kisa ne ga duk matuƙin da fitilun ƙarya za su jawo nan gaba. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, kuma babu mai karatun da zai yi wa Janar kuka.

Duk da haka, ba waɗannan dalilai Rainsford ya bayar ba. Bai ambaci adalci ba, bai ambaci fursunonin da ke ƙarƙashin ƙasa ba, labarin ma bai sake komawa kansu ba. Harshen dabba ya yi amfani da shi, dokar wasan Zaroff ya bi, ladan da Zaroff ya sanya ya karɓa. Mutumin da ya ce yaƙi bai sa ya yarda da kisan gilla ba ya jira abokin gaba a ɗakin barcinsa, ya kashe shi bayan an ce wasa ya ƙare, ya kwanta ya yi barci mai daɗi. Wannan barci shi ne abin da ya fi damu na a halinsa. Da ya kwana ido biyu, da na ce tsoro ya buɗe masa zuciya.

Kammalawa

Rainsford jarumi ne mai dabara da kamun kai, kuma ya faɗi gaskiya a lokacin da faɗinta take da tsada. Amma sauyin da ya same shi sauyin matsayi ne: daga mai farauta zuwa wanda ake farauta, sannan ya dawo mai farauta, ba tare da ya taɓa fita daga rabon gida biyu da ya yi wa duniya a kan jirgi ba. Connell ya rubuta shi ne ga al'ummar da 'ya'yanta suka dawo daga Faransa shekaru biyar kacal kafin nan, ta kuma ɗauka za su ajiye abin da suka koya a can kamar yadda suka ajiye kaki. Labarin ya bar mu da tsohon soja kwance a gadon Janar, karnuka sun ƙoshi a tsakar gida, fitilun ƙarya suna nan a bakin teku, fursunoni kuma suna jiran gari ya waye su ga wane irin mutum ne zai buɗe musu ƙofa.