Cire Gashi da Hasken Leza: Inganci da Haɗari ga Masu Baƙar Fata

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi ayyukan magabata a kan cire gashi da hasken leza domin auna ingancinsa da illolinsa. An gano cewa dabarar tana rage gashi ƙwarai, kuma lafiyar mai baƙar fata ta rataya ne a kan irin na'urar da aka zaɓa da ƙwarewar mai riƙe da ita.

Gabatarwa

Tushen wannan dabara shi ne aikin da Rox Anderson da John Parrish na Jami'ar Harvard suka wallafa a mujallar Science a shekarar 1983. Sun nuna cewa idan aka zaɓi haske mai tsawon zango da ya dace, aka harba shi cikin ƙiftawar ido, zai ƙona abin da aka nufa ya bar naman da ke kewaye lafiya. A wajen gashi, abin da ake nufa shi ne melanin, sinadarin da ke ba shi baƙinsa. Melanin yakan zuƙe hasken, ya mayar da shi zafi, zafin ya lalata saiwar gashin. A 1995 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar farko ta wannan aiki.

Inganci

Hasken ya fi tasiri a kan gashin da ke matakin tsiro, kuma gashin jiki ba ya shiga wannan mataki duka a lokaci guda. Shi ya sa zama ɗaya ba ya isa; sai an maimaita sau da yawa, da tazarar makonni tsakani. Furfura kuwa ba ta jin hasken, domin ba ta da melanin. Ita kanta hukumar ta Amurka raguwar gashi ta dindindin ta yarda a tallata; ba ta yarda a ce an kawar da shi har abada ba, ko da yake gidajen kwalliya da dama sukan manta da wannan idan ana tallar haja. Matan da gashin fuska ke fito musu saboda cutar ƙwan mahaifa sukan ga ya dawo matuƙar ba a kula da matsalar hormon da ke tattare da cutar ba.

Haɗari ga baƙar fata

Nan ne gizo ke saƙa. Melanin ɗin da ke saiwar gashi yana nan danƙare a fatar sama ta baƙin mutum, wanda ke mataki na 5 ko na 6 a ma'aunin launin fata na Fitzpatrick. Hasken rubi mai nanomita 694 da na alezandarait mai 755, fatar sama ce ke fara zuƙe su kafin su kai ga saiwa. Sakamakon shi ne ƙuna, da bororo, da tabo mai duhu, wani lokaci da farin tabo da kan daɗe bai koma ba. Hasken Nd:YAG mai nanomita 1064 melanin ba ya zuƙe shi sosai, sai ya ratsa fatar sama ya nutsa ciki. Da shi, tare da sanyaya fata da tsawaita lokacin harbi, ake samun sauƙin illa, duk da cewa ya fi ciwo. Akwai kuma wata illa mai ban mamaki: a wasu mutane, musamman a fuska da wuya, gashi kan ƙaru maimakon ya ragu.

Amfaninsa mafi bayyana ga mazan Afirka shi ne maganin ƙurajen aski, waɗanda ke fitowa idan murɗaɗɗen gashin gemu ya lanƙwasa ya koma cikin fata. Rage kaurin gashin yakan kwantar da su.

Marubucin na ganin bai kamata a taɓa baƙar fata da leza ba sai an fara gwaji a ɗan ƙaramin wuri, an tambayi mai zuwa ko tana shafa man bilicin, an kuma rufe idanun kowa da tabarau na musamman. Gidan da bai iya faɗin sunan na'urarsa da tsawon zangonta ba, bai cancanci a miƙa masa fuska ba.