Tarihin Sallamar Ma'aikata a Houston, Birnin Man Fetur na Amurka

Houston shi ne birni mafi girma a jihar Teksas ta Amurka, kuma a cikinsa ne da yawa daga cikin kamfanonin haƙar mai na ƙasar suka kafa hedikwatarsu. Daga 1982 zuwa 1987 birnin da kewayensa sun yi asarar guraben aiki sama da 200,000 sakamakon karyewar farashin ɗanyen mai. Wannan tana cikin sallamar ma'aikata mafi muni a tarihin garin, kuma ta fito da wata ɗabi'a ta sana'ar mai da shekarun wadata suka lulluɓe: albashin mai haƙar rijiya yana rataye da farashin da ake yankewa a kasuwannin da ba ya da ta cewa a cikinsu.

Asalin garin da zuwan mai

'Yan'uwa biyu, Augustus da John Allen, su suka kafa Houston a 1836 a bakin rafin Buffalo Bayou. Har ƙarshen ƙarni na 19 auduga da katako da jirgin ƙasa ne ke riƙe da garin. Al'amura sun sauya a ranar 10 ga Janairu, 1901, lokacin da rijiyar Spindletop da ke kusa da Beaumont, kimanin kilomita 140 gabas da Houston, ta ɓalle da tsartuwar mai. An ƙiyasta tana fitar da ganga 100,000 a rana, kuma sai da aka kwana tara kafin a shawo kanta. Jama'a suka yi ca a wurin, aka yi ta haƙa rijiya kusa da rijiya, mai ya yi yawa har ganga ta faɗo zuwa santi 3. Cikin 'yan shekaru filin ya ja baya, leburori suka tattara komatsansu suka nufi wani wuri. Tun daga farko ke nan sana'ar ta nuna halinta na cika da batsewa.

Houston ya ci gajiyar wannan ruguntsumi saboda yana da layukan dogo da bankuna da ofisoshi. A 1909 Howard Hughes babba ya yi rajistar wani bakin injin haƙa mai iya huda dutse, wanda a kansa aka gina kamfanin Hughes Tool. A 1914 aka buɗe mashigin ruwa da ya bai wa manyan jirage damar isowa garin daga Tekun Meziko, matatun mai suka fara jeruwa a gefensa.

Shekarun kwanciyar hankali

Gano babban filin mai na gabashin Teksas a 1930 ya sake karya farashi, har ganga ta koma kimanin santi 10 a 1931. Gwamna Ross Sterling ya tura dakarun jiha suka rufe rijiyoyi, daga nan Hukumar Jiragen Ƙasa ta Teksas, wadda doka ta ɗora wa kula da harkar mai, ta shiga ƙayyade wa kowace rijiya abin da za ta fitar a wata. Wannan tsari ya riƙe farashi a daidaice na kusan shekara arba'in. A wannan zamani ne aiki a manyan kamfanoni irin su Humble Oil, wanda daga baya ya zama ɓangaren Exxon, ya yi suna a matsayin aikin da mutum ke shiga da ƙuruciya ya fita da furfura da fansho.

A 1972 hukumar ta ba rijiyoyin jihar izinin fitar da iya abin da za su iya, domin babu sauran rarar da za a ɓoye. Daga wannan shekara linzamin farashi ya kuɓuce wa Teksas, ya koma hannun ƙungiyar OPEC da aka kafa a Bagadaza a 1960.

Rukunan ma'aikata

Ma'aikatan mai ba ɗaya suke ba wajen tabbacin aiki. A sama akwai ma'aikatan dindindin na manyan kamfanoni: injiniyoyi, masana duwatsun ƙarƙashin ƙasa, akawu da lauyoyi. Akwai ma'aikatan matatu, waɗanda a wancan zamani da yawansu ke cikin ƙungiyar ƙwadago ta OCAW, suna da yarjejeniya a rubuce kan albashi da tsarin rage ma'aikata. Sai kuma mafi yawan jama'ar, wato ma'aikatan 'yan kwangila. Kamfanin da ya mallaki mai ba kasafai yake haƙa rijiya da kansa ba. Yakan ɗauko ɗan kwangilar haƙa da injinsa da mutanensa, ya ɗauko wani ya zuba siminti, wani ya auna ramin, wani ya kawo bututu. Leburan da ke kan injin haƙa yana aikin sa'a goma sha biyu a jere, ana biyansa gwargwadon sa'o'in da ya yi. Ranar da aka kwance injin aka jingine shi, ranar aikinsa ya ƙare.

Dokar Teksas ma ba ta ba shi wata garkuwa ba. A jihar, mai kamfani na da ikon sallamar ma'aikaci a kowane lokaci ba tare da ya faɗi dalili ba, muddin ba a saɓa wa wata yarjejeniya ko dokar hana wariya ba, kuma babu dokar da ta wajabta kuɗin sallama. Tun 1947 jihar ta haramta tilasta wa ma'aikaci shiga ƙungiyar ƙwadago, abin da ya ƙara raunana ƙungiyoyin. Ga shi kuma a Amurka yawancin mutane ta wurin aiki suke samun inshorar lafiya, saboda haka wanda aka sallama yakan rasa albashi da kuɗin asibitin iyalinsa a lokaci guda.

Kakar wadata, 1973 zuwa 1981

Takunkumin sayar da mai da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a lokacin yaƙin Oktoba na 1973 ya ɗaga ganga daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Juyin juya halin Iran na 1979 ya sake cilla ta sama da dala 30. Abin da ya zama masifa ga masana'antun arewacin Amurka ya zama kakar Houston. Ƙidayar 1970 ta nuna mutum miliyan 1.2 a birnin, ta 1980 kuwa kusan miliyan 1.6.

Da yawa daga cikin baƙin daga jihar Michigan suka zo, inda kamfanonin ƙera motoci ke rufe masana'antu. Jaridun Houston na ranar Lahadi sun yi kasuwa a Detroit saboda shafukansu na neman ma'aikata, kuma 'yan gari sun riƙa gane baƙin da baƙar lambar da ke jikin motocinsu. Mai walda ko direban babbar mota kan bar wannan kamfani da safe ya kama aiki a wancan da yamma a kan albashi mafi tsoka. Bankuna suka saki bashi bisa lissafin cewa farashi zai ci gaba da hawa. Dogayen benaye suka yi ta tashi, ciki har da Texas Commerce Tower mai hawa 75. A watan Disamba na 1981 injinan haƙa da ke aiki a faɗin Amurka sun kai 4,530, adadin da ba a sake kaiwa ba har yau.

Karyewa ta farko

Tsadar mai ita ta haifi abin da ya karya ta. Mutane suka koma ƙananan motoci, tashoshin lantarki suka koma kwal da nukiliya, sabon mai ya shigo kasuwa daga Alaska da Meziko da Tekun Arewa na Birtaniya da Norway. Tattalin arzikin duniya kuma ya shiga koma-baya, kuɗin ruwa ya yi tsada. Daga farkon 1982 aka fara jingine injinan haƙa, kuma a Maris 1983 OPEC ta rage farashinta daga dala 34 zuwa 29.

Sallamar ta bi wani jeri da ya riƙa maimaituwa daga baya. 'Yan kwangilar haƙa ne suka fara faɗuwa. Masu ƙera kayan aiki irin su Hughes Tool da Cameron Iron Works suka biyo baya, domin wanda ke da injina a jingine ba ya sayen sabon bututu. Daga nan abin ya shiga ofis. A 1984 Chevron ya sayi Gulf, Texaco ya sayi Getty, Mobil ya sayi Superior Oil na Houston, kuma duk haɗewar kamfanoni biyu na nufin an sami akawu biyu da injiniya biyu a kujera ɗaya. Baƙin da suka iso a makare suka tarar kasuwa ta watse. A ƙarshen 1982 wasu marasa aiki sun kafa sansanin tantuna a bakin kogin San Jacinto, gabas da birnin, har hukuma ta tashe su a farkon 1983. A cikin sana'ar kuwa an yi ta yi wa juna nasiha da a daure a kai 1985, da zaton a lokacin farashi zai farfaɗo.

Shekarar 1986

Zaton bai tabbata ba. Saudiyya ta shafe shekaru tana rage abin da take haƙowa don ta tallabi farashi, daga kimanin ganga miliyan 10 a rana a 1981 zuwa ƙasa da miliyan 3 a tsakiyar 1985, alhali wasu ƙasashe na cinye kasuwarta. A ƙarshen 1985 ta buɗe famfo. Gangar da ake sayarwa kusan dala 30 a Nuwamba 1985 ta faɗo zuwa wajen dala 10 a 1986, kuma a watan Oktoba aka sauke ministan mai na Saudiyya, Sheikh Ahmed Zaki Yamani. Wannan faɗuwa ce ta ƙara jefa Najeriya cikin ƙuncin da ya kai ga shirin gyaran tattalin arziki na SAP a shekarar.

A Yulin 1986 injinan haƙa masu aiki a Amurka sun ragu zuwa 663. Rashin aikin yi a Houston ya haura kashi 10 cikin 100. A wannan karon har ma'aikatan dindindin na manyan kamfanoni abin ya ci: aka yi wa dattawa tayin ritaya kafin lokaci, aka rufe sassan binciken mai ɗungurungum. Masana duwatsu masu digiri biyu suka koma koyarwa a makarantun sakandare ko dillancin inshora. Tallafin marasa aikin yi na jiha mako 26 ne iyakarsa a ƙa'ida, kuma bai kai albashin da aka saba da shi ba.

Daga rijiya, ɓarnar ta gangaro cikin gari. Wanda ya rasa aiki ya kasa biyan bashin gida, darajar gidaje ta faɗi ƙasa da bashin da ke kansu, dubban iyalai suka bar wa banki makulli suka yi gaba. Aka riƙa gwanjon gidaje a harabar kotu kowane wata. Sababbin benayen ofis suka tsaya wayam, har ana iya hango sararin sama ta cikin gilasansu. Bankunan da suka ba da bashi a kan mai da filaye suka bi sahu. Texas Commerce ya shige hannun Chemical Bank na New York a 1987, First City na Houston sai da hukumar inshorar ajiya ta tarayya ta ceto shi, kuma ya sake durƙushewa a 1992. Cikin manyan kamfanonin banki goma na Teksas, tara sun karye ko an sayar da su. Hughes Tool kansa ya haɗe da Baker International a 1987, suka zama Baker Hughes.

Ɓangare ɗaya ne arhar mai ta yi wa rana. Matatu da masana'antun sinadarai da ke gefen mashigin ruwa sayen mai da iskar gas suke yi, saboda haka faɗuwar farashi ta rage musu kuɗin kayan aiki, kuma suna cikin waɗanda suka fara jawo garin daga rami a ƙarshen shekarun 1980.

Abin da ya biyo baya

A zamanin magajiyar gari Kathy Whitmire, wadda ta riƙe birnin daga 1982 zuwa 1991, 'yan kasuwa da hukuma suka duƙufa wajen nema wa garin wasu ƙafafun tsayawa. Cibiyar asibitoci ta Texas Medical Center ta faɗaɗa, tashar jiragen ruwa da cibiyar sararin samaniya ta NASA suka ƙara nauyi, kamfanin kwamfuta na Compaq da aka kafa a 1982 ya ɗauki dubban mutane. A matakin tarayya, dokar COBRA da aka sa wa hannu a 1986 ta bai wa wanda aka sallama damar ci gaba da inshorar lafiyarsa na wani lokaci, amma daga aljihunsa. Dokar WARN ta 1988 kuma ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 100 ko fiye ya ba da sanarwar kwana 60 kafin rufe masana'anta ko sallamar jama'a masu yawa.

Sana'ar kanta ta daɗe tana jin jiki. Ɗalibai suka guje wa karatun injiniyan mai, waɗanda aka kora da yawa suka ƙi dawowa, kamfanoni suka wayi gari bayan shekara ashirin da tsofaffi masu shirin ritaya da matasa sababbin shiga, tsakiya babu kowa. Kamfanonin kuma sun ɗauki nasu darasi: suka rage ma'aikatan dindindin, suka ƙara miƙa ayyuka ga 'yan kwangila, waɗanda sallamarsu ba ta da wahala.

An ga sakamakon haka a karyewar 2014 zuwa 2016, lokacin da ganga ta sauko daga sama da dala 100 zuwa kimanin dala 26, injinan haƙa suka ragu zuwa 404 a Mayun 2016. Schlumberger da Halliburton da Baker Hughes sun sallami dubun-dubatar ma'aikata a faɗin duniya, amma bankunan Houston da kasuwar gidajensa ba su rushe kamar na 1986 ba. A 2020 annobar korona ta sake maimaita abin, har farashin mai na Amurka ya faɗi ƙasa da sifili a ranar 20 ga Afrilu. A duka karon biyu garin ya tsaya da ƙafafunsa saboda yana da wasu hanyoyin samu, ma'aikacin rijiya kuwa shi aka fara sallama, kamar yadda aka yi a 1982.