Hayaƙin ramin gawayi: tarihin metanol daga dajinmu zuwa Jamus

1/ Duk wanda ya bi hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ko ta Funtuwa zuwa Gusau ta Yankara, ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi. Mu gawayin muke gani. A cikin hayaƙin da ya tashi lokacin ƙona shi kuwa akwai wani sinadari da duniya ke cinikinsa da jiragen ruwa. Sunansa metanol. Ku biyo ni a hankali 🧵

2/ Ƙona gawayi tsohuwar sana'a ce a ƙasar Pauwa, har Faskari da Sabuwa. Tun kafin Bature, maƙeri ba ya aiki sai da gawayin ƙirya, don shi ke riƙe wuta. A jera itace a rami, a rufe da ƙasa, a bar 'yar kafa, wuta ta yi ta cin ciki a hankali. Hayaƙin nan mai yaji da ke sa ido ruwa, ba hayaƙi ba ne zalla.

3/ Idan aka gasa itace babu wadatacciyar iska, yana fitar da tururi. Ka tara tururin ya huce, za ka samu ruwa mai tsami, da baƙin kwalta, da ɗan metanol. Kaɗan ne fa: kilo 100 na busasshen itace bai fi ya ba ka kilo 1 zuwa 2 ba. Shi ya sa Turawa suka daɗe suna kiransa barasar itace.

4/ Robert Boyle ne ya fara tace shi daga itace a 1661. A 1834 wasu Faransawa biyu, Dumas da Peligot, suka gano abin da ya ƙunsa, suka raɗa masa suna daga kalmomin Girka biyu masu nufin giya da itace.

5/ Nan ne hanyarmu da tasu ta rabu. Mu muna rufe itace da ƙasa, hayaƙi ya tafi sama. Su a ƙarni na 19 suka koma gasa shi cikin manyan tukwanen ƙarfe masu bututu, gawayi ya fita ta nan, ruwan ya fita ta can. Henry Ford mai motoci ma ya gina irin wannan masana'anta a jihar Michigan ta Amurka. Guntayen katakon da suka rage daga ƙera mota, da su yake yin gawayi da metanol ya sayar. Mutumin ko ɓawo ba ya yarwa.

6/ Sai 1923. Kamfanin BASF na Jamus ya fara haɗa metanol a garin Leuna daga iskar da ake samu a kwal, babu itace ko ɗaya. Da kayan Jamus suka isa Amurka da araha, masu gasa itace suka fara rufe ƙofa ɗaya bayan ɗaya. A 1966 kamfanin ICI na Ingila ya fito da hanyar da ba ta buƙatar matsi mai yawa, kuɗin yi ya ƙara sauka. Daga nan iskar gas ta karɓe kasuwa.

7/ Wani zai ce to mu tara hayaƙin gawayinmu mu sayar mana. Wallahi na so a ce haka ne. Amma wannan kasuwa ta mutu shekara ɗari da suka wuce. Ko an tara, ba zai biya kuɗin bishiyar da aka sare ba, kuma ƙirya ba a shekara biyar take girma ba.

8/ Yau duniya na yin sama da tan miliyan 100 a shekara. Fiye da rabi a Sin ake yi, galibi daga kwal. Saudiyya da Iran da Tirinidad daga gas suke yi. A Afirka an buɗe masana'anta a tsibirin Bioko na Ikwatoriyal Gini a 2001, da Damietta ta Masar a 2011.

9/ Me ake yi da shi? Duba ɗakinka. Daga metanol ake yin fomalin, ruwan nan da ake adana gawa da shi a asibiti. Daga fomalin ake yin gam ɗin da ke riƙe filawud da katakon MDF, wato gadon amarya da durowarta. Akwai shi a aikin fenti da tina. A Sin har roba suke yi da shi.

10/ Wanda ya fi taɓa ni shi ne yadi. Daga metanol ake yin wani ruwa mai tsami da ake buƙata wurin haɗa zaren roba, foliyesta. Mu kuma yankin Funtuwa da auduga aka san mu. Ba shi kaɗai ya karya audugarmu ba, akwai fasa-ƙwauri da rashin wutar lantarki da rashin iri mai kyau. Amma araharsa na cikin abin da ya sa manomin Faskari ya koma masara da waken suya.

11/ Najeriya fa? Gas muna da shi, har ƙona shi ake yi a banza a Neja Delta. A Janairun 2021 NNPC da abokan hulɗarta suka amince da gina masana'antar metanol a Brass, jihar Bayelsa, ta sama da dala biliyan 3, mai tan 10,000 a rana. Yarjejeniyar ba ta gas kuwa sai Oktoban 2024 aka sa wa hannu. Ku ƙirga shekarun da kanku.

12/ Abin da ya fi kusa da mu shi ne bututun AKK, kilomita 614 daga Ajaokuta ta Kaduna da Zariya zuwa Kano, wanda Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020. Zariya kuwa maƙwabciyar Funtuwa ce. In har za a taɓa yin metanol a Arewa, daga wannan bututu zai fito, ba daga daji ba.

13/ Sai ɓangaren da nake so ku tura wa 'yan'uwa. Metanol fari ne tas kamar ruwa, kuma guba ne. Kamar cokali 1 na cin abinci zai iya makantar da mutum, cokali 2 zuwa 3 na iya kisa. Hanta ce ke juya shi ya koma guba mai cin jijiyar ido. Mugun abin, sai mutum ya yi awa 12 zuwa 24 yana jin kamar lafiya lau.

14/ A Afrilun 2015 mutum aƙalla 18 suka mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo, wasu sun makance kafin su cika. Da farko aka ce fushin abin bautar garin ne. Bincike ya nuna metanol ne a cikin ogogoro. A watan Yuni irin haka ta kashe kusan mutum 70 a jihar Ribas.

15/ Kada ka ce ai ni ba na shan giya, ba ruwana. Kafinta da mai fenti suna zuba sifirit da tina a robar ruwan sha su ajiye a gida, yaro ya dawo daga wasa da ƙishirwa. Wutarsa ma da rana da kyar ake ganinta. In an sha, kada a tsaya ba da madara ko manja, kada a jira alama. A nufi babban asibiti nan take, a tafi da robar likita ya gani.