Ƙaramin Mai Kiwon Jatan Lande a Cinikin Bangaladash da Birtaniya: Nazari Daga Kasuwar Sparkhill

Tsakure

Maƙalar ta bi sawun jatan landen da ake sayarwa a Sparkhill ta birnin Bamingam zuwa gonakin ruwa na kudu maso yammacin Bangaladash. Ta dogara da rubutattun bayanai na hukumomi da tarihin cinikin. Ta gano cewa ƙa'idojin kiwo mai ɗorewa sun fi nauyi a kan ƙaramin manomi, kuma tallafin da bai taɓa bashi da iri da haɗin kai ba, ba ya kai masa.

Gabatarwa

Sparkhill unguwa ce da mutanen Fakistan da Bangaladash da sauran Musulmi, har da 'yan Afirka, suka yi wa yawa. Gidajen abincin balti na titunan Ladypool da Stoney Lane da Stratford sun yi suna tun shekarun 1970. Duk wanda ya ɗaga murfin firiza a kantunan titin Stratford zai ga kwalayen jatan lande a daskare cikin ƙanƙara, an buga musu lambobi irin 8/12 ko 16/20, wato adadin da ke cika awon fam guda. Ƙaramar lamba, manyan 'ya'ya, tsadar kuɗi. Kwalin yana ɗauke da sunan ƙasa da lambar masana'anta. Sunan wanda ya yi kiwon ne babu, kuma a nan matsalar wannan bincike take.

Wannan ciniki yana da tushe a Mancesta. Iqbal Ahmed, ɗan asalin Sylhet da ya zo Ingila a 1971, shi da 'yan'uwansa suka kafa kamfanin Seamark, mai masana'antu a Mancesta da Chittagong. Ke nan 'yan ci-rani ne suka buɗe hanyar, kuma su ne kashin bayan kasuwar har yau.

Yadda ake kiwon

A gundumomin Khulna da Satkhira da Bagerhat, gonar kiwon ana kiranta gher. Fadamar shinkafa ce aka ɗaga mata ganuwar laka, aka bar ƙofar da ruwan kogi ke shiga idan teku ta cika. Mai ruwan gishiri yana kiwon bagda, Penaeus monodon. Mai ruwan daɗi yana kiwon golda, Macrobrachium rosenbergii, sau da yawa tare da shinkafa da kifi da kayan lambu a kan ganuwa. Wannan na biyu ya fi dacewa da talaka, don ko jatan lande ya ƙi, gida ba zai kwana da yunwa ba. Abin da kadada ke bayarwa a kiwon gargajiya bai wuce 'yan ɗaruruwan kilo a shekara ba.

Kiwon ruwan gishiri kuwa ya zo da rikici. Masu hannu da shuni sun fasa ganuwowin tsare ambaliya don shigo da ruwan gishiri, gishirin ya kashe shinkafa da kiwo. Ranar 7 ga Nuwamba 1990 aka kashe Karunamoyee Sardar a yankin Paikgacha tana jagorantar zanga-zangar marasa gona kan wannan ɓarna. Guguwar Aila ta Mayun 2009 ta ƙara tona asirin ganuwowin da aka raunana.

Ƙulli uku

Na farko shi ne iri. Shekara da shekaru mata da yara ke jan koma a bakin kogunan dajin Sundarbans, su zube kamun a tasa, su tsince 'ya'yan bagda masu kaurin zare ɗaya bayan ɗaya, sauran ƙananan kifayen su watsar a gaɓa su mutu. Gwamnati ta haramta wannan kamu a 2000, amma ba ta ba masu yinsa wata sana'a ba, saboda haka dokar ta tsaya a takarda. Irin da ake ƙyanƙyashewa a Cox's Bazar kuma yakan zo da cutar farin ɗigo, wadda ta addabi gonakin ƙasar tun tsakiyar shekarun 1990, tana iya share gona cikin kwanaki kaɗan.

Na biyu, kuma mafi tsanani a ganin wannan bincike, shi ne bashin dadon. Manomi yana karɓar kuɗin iri da abinci daga dillali ko mai rumbun saye, da sharaɗin shi kaɗai zai sayar wa, a farashin da mai bashi ya yanka. Kamar dai manomin karkararmu ne da ke cin bashi da bazara ya biya da damin gero da kaka. Wanda ke cikin wannan hali ba shi da ta-cewa kan irin da zai zuba, balle maganin da zai guje wa. Kayan yakan ratsa hannaye da dama kafin masana'anta, a gauraye, ta yadda ba mai iya cewa wannan daga gonar wane ya fito.

Na uku shi ne ƙa'idojin kasuwa. A 1997 Tarayyar Turai ta hana shigo da jatan landen Bangaladash saboda rashin tsafta a masana'antu, asarar ta kai kusan dala miliyan 15. A 2009 masu fitar da kaya da kansu suka dakatar da kai golda Turai na watanni shida bayan an yi ta samun maganin nitrofuran a jikinsa. Laifin ɗaya, horon kowa. Mai karatu a Nijeriya zai tuna da haramcin da Turai ta ɗora wa wakenmu a 2015 saboda maganin ƙwari. Hukumar ASC mai ba da shaidar kiwo mai ɗorewa, wadda ƙungiyoyin WWF da IDH suka kafa a 2010, ta fitar da ma'aunin jatan lande a 2014, amma kuɗin mai duba gona da wahalar ajiye bayanai sun fi ƙarfin mai kadada ɗaya.

Shawara

Tsarin kiwon gungu, inda manoma maƙwabta ke zurfafa gonakinsu, su zuba gwajajjen iri rana ɗaya, su sayar tare, shi ne ya fi kusa da magance ƙulli ukun a lokaci guda. Hukumar WorldFish ta yi aiki a kansa, haka ma shirin Bankin Duniya na 2018 mai dala miliyan 240. Sai dai gungu ba ya tsayawa idan babu mai saye tabbatacce. Ya kamata masu shigo da kaya a Mancesta da masu gidajen abinci a Sparkhill su ƙulla yarjejeniyar saye kai tsaye da waɗannan ƙungiyoyi, su biya wani kaso kafin kamu domin ya maye gurbin dadon, kuma kuɗin duba gona ya hau kan mai saye, tunda shi ne ke cin riba mafi tsoka.