Yoyon man dizil a famfon injekta na tarakta

Yoyon man dizil a famfon injekta matsala ce da ake yawan samu a tsofaffin taraktoci, inda mai ke tsiyaya daga jikin famfon da ke tura shi zuwa cikin inji. Makanikai a arewacin Najeriya sukan kira famfon da “injekta” kawai, dizil kuma “man gas”. A yankunan noma na Jihar Zamfara kamar Gusau, Tsafe da Bunguɗu, manoma da dama hayar tarakta suke yi don huɗa, saboda haka lalacewarta a farkon damina kan sa su makara wajen shuka.

Irin famfon

Taraktocin Massey Ferguson masu injin Perkins, kamar samfurin 135 da aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, da kuma 165, galibi suna ɗauke da famfon CAV DPA. Kamfanin CAV na Ingila ya fara ƙera shi a 1956 bisa zanen injiniyan Amurka Vernon Roosa. Wannan famfo cike yake da dizil a cikinsa, kuma dizil ɗin ne ke yi wa ƙarafansa aikin baƙin mai. Shi ya sa duk zoben roba ko gasket da ya tsufa a jikinsa zai iya zama hanyar yoyo.

Wuraren da yoyo ke fitowa

Mafi yawan yoyo yana fitowa ne daga murfin saman famfon: ko daga gasket ɗinsa, ko daga ƙananan zobban roba da ke kan sandar totur da sandar kashe inji. Sauran wuraren sun haɗa da washoshin da ke kan notikan bututun mai, da notikan cire iska, da babban zoben roba da ke tsakanin kan famfon da gangar jikinsa, da bakin bututun ƙarfe masu zuwa nozul. Zafi da tsufa kan busar da roba har ta tsage. Dizil mai ruwa ko datti, ko wanda aka gauraya da kalanzir, yana saurin cinye ƙarafan ciki.

Yadda ake ganowa

Inda mai ke ɗiga ba lallai nan ne tushensa ba, domin yakan gangaro daga filta ko wani bututu da ke sama, ya taru a ƙarƙashin famfon. Don haka ana fara wanke famfon da kewayensa, a goge su bushe, sannan a barbaɗa hoda ko garin alli. Kafin a tayar da inji, ana danna hannun ƙaramin famfon da ke jawo mai daga tanki. Idan wani wuri ya jiƙe a lokacin, matsalar tana ɓangaren da mai ba shi da ƙarfi. Daga nan sai a tayar da inji, a riƙa dubawa daga sama zuwa ƙasa, ana motsa totur. Wurin da ya fi kowanne tudu cikin waɗanda hodar ta jiƙe, nan ne tushen yoyon.

Yoyon da ba a gani

Idan robar da ke kan sandar gaban famfon ta lalace, dizil ba ya zuba ƙasa, cikin inji yake shiga ya haɗu da baƙin mai. Alamarsa ita ce baƙin mai ya riƙa ƙaruwa a sandar awo, ya yi ruwa-ruwa, yana warin dizil. Wannan ya fi yoyon waje haɗari, domin yana iya kashe injin gaba ɗaya. Haka kuma, kafar da mai ke fita ita ce iska ke shiga, abin da ke sa tarakta wahalar tashi da safe.

Kariya

Man da ke zuwa nozul yana fita da ƙarfin da zai iya huda fata. Ba a lalube shi da hannu. Kwali ake karawa kusa da bututun. Wanda man ya huda wa fata yana buƙatar asibiti nan take, ko da raunin bai fi tsinin allura ba.

Gyara

Ana iya sauya washa da gasket da zobban murfi ba tare da sauke famfon ba. Sai dai a ƙarƙashin murfin akwai sifirin da ke daidaita gudun inji, kuma dole a mayar da shi ramin da aka cire shi. Ɗaure notikan murfi fiye da kima yana lanƙwasa shi, yoyon ya ƙaru. Yoyon kan famfo da na sandar gaba kuwa sai an sauke famfon, bayan an lura da alamomin saitinsa, a kai shi wurin masu na'urar gwajin injekta.