Rawar Koroso: Daga Bakin Gona Zuwa Gidan Ɗan Hausa

A ƙauyukan arewacin Kano, wajen Dambatta da Bichi da Makoɗa da Kunchi, inda gona ke manne da gona, rawa ba ta tashi haka kawai a da. Kowace na rataye da wani aiki. Ranar gayya, mai gangar noma yana bin samari kunya-kunya yana zuga su, garma na sauka daidai da kiɗa. 'Yan hoto kuwa su cilla garmar sama ta yi ta juyi, su tare ta da jiki, 'yan kallo na salati.

Kaka ita ce babbar kasuwar rawa. Gero da dawa sun shiga rumbu, kuma tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta fara sa wa manomi kuɗi a aljihu. Sai kalankuwa, sai dambe, sai 'yan tauri. A lokacin ne Fulani kan sauko da shanu su ci kara su bar taki, su zo da sarewarsu da sharonsu.

Daga wannan taska aka ɗebo Koroso. Da yawa na ɗauka tun kaka da kakanni take, alhali tsara ta aka yi a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako, lokacin da sababbin jihohi ke gasar nuna al'adunsu a bikin fasaha na ƙasa. Aka ɗauko takun Fulani da sarewa, aka haɗa da duman girke da lalajo, aka ɗaura kacau-kacau a ƙafa, aka jera maza da mata bibbiyu, aka ƙara alkafura da lanƙwasa jiki. Abin da ake kwana ana yi a dandali ya koma 'yan mintoci a gaban manyan baƙi. Daga baya ƙungiyar masu rawar Koroso ta zauna ƙarƙashin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, a Gidan Ɗan Hausa.

Aikin nan na tsara rawa shi ne ya ɗaukaka baƙaƙen fatar Amurka irin su Alvin Ailey.  A Amurka, rawa da sunan mai tsara ta take yawo. A Kano sunan jiha ta ɗauka, kuma an ɗan ci haƙƙin masu hikimar.

Makaɗan Koroso sun yi wa finafinan Hausa na farko kiɗa a shekarun 1990, kafin fiyanon Yamaha ya karɓe musu aiki. Fim ɗin Sangaya na 1999 da na'ura ya kwaikwayi sarewa, kuma ya yi kasuwa ƙwarai.

A karkara kuwa ƙwadago da maganin feshi sun rage gayya, malamai kuma sun matsa wa wasan dandali na maza da mata, musamman bayan ƙaddamar da shari'a a 2000. Yau ɗan Makoɗa ya fi ganin Koroso a waya ko wajen bikin wani attajiri a birni.