Daga fadama zuwa tudu: Maraɗi da rigimar fili

Duk wanda ya tashi a Maraɗi ya san titunan tsakiyar gari miƙaƙƙu ne, kamar da igiya aka ja su. To, ba haka kakanninmu suka gina garin ba. Katsinawan da suka baro Katsina bayan jihadi cikin fadamar Gulbi suka zauna, gida manne da gida, lungu na shiga lungu. A 1945 ruwa ya ci tsohon garin, Nasara suka maido mutane bisa tudu, suka yanka fili murabba'i murabba'i.

Ni da nake karatun ilimin harshe, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da wannan ƙaura ta bari a bakinmu. Unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo sun hau tudu da sunayensu na da. Amma wata kalma ta Faransanci ta shigo, kare, wato yankakken fili, har muna da unguwar Sabon Kare. (Baƙo daga Kano in ya gani a rubuce sai ya zata dabba ake nufi.) Da can gida yana bin yawan iyali: ɗa ya yi aure, a ƙara mashi sashe. Kare kuwa iyakarsa na cikin takarda, ba ya ƙaruwa ko da ƴaƴa goma sun yi aure.

Nan rigimar take. Ƙidayar 1977 ta samu mutum wajen 45,000 a Maraɗi, ta 2012 ta samu fiye da 260,000. Ina za a sa su? Wasu na cewa a ci gaba da yanka gonaki, kowa ya samu nashi. Wasu na cewa a'a, garin ya riga ya cinye gonakin gero, famfo da lantarki kuma ba su kai can da wuri, gara a yi bene. Sai dattawa su ce bene leƙen gidan maƙwabci ne, ina sirrin matan gida?

Ni dai ina ganin duka ɓangarorin sun bar mutum guda a baya: wanda ba ya da kuɗin kare, balle na bene. Shi ɗakin haya yake kamawa, gida ɗaya iyali biyar, ko ya gina da laka a hanyar ruwa don can ne fili ke da araha. Damanar 2024 da ruwa ya sake shiga Maraɗi, irin waɗannan gidajen ne suka fi zubewa.